Jawabi a Kan Katin Baƙin Bado

Cikin shekarar 1993, a ƙasar Amurka, aka fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering. A cikin katunan akwai Black Lotus, watau baƙin bado, wanda Christopher Rush ya zana. Kamar 1,100 kaɗai aka yi a bugun farko, don haka ya yi wuyar samu. Rush ya rasu a 2016. A 2021 kuwa aka sayar da guda mai sa hannunsa dala 511,100.

To, sunan mai zanen yana nan a gindin katin. Haka takardun ofis suke: bayan mun kau, da su za a shaide mu. Kowa ya kyautata abin da zai sa wa hannu. Haza wasalam.