Alfaharin Manomi da Ɗansa Ɗan Makaranta: Filin Wasa da Ɗakin Jarrabawa a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

 



Muna godiya ga wannan Ƙungiya da ta ga ya dace iyaye su ma a ji ta bakinsu, domin sau da yawa in ana batun ilmi, malami ya yi magana, ɗalibi ya yi, Gwamnati ta yi, amma wanda ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta yana can gefe yana sauraro. An nemi mu yi bayani a kan alfaharin da iyaye ke yi da 'ya'yansu in sun yi fice a makaranta, ko a wajen karatu, ko a filin wasa. Za mu tsaya a ƙasar da muka fi sani, wato Funtuwa da Malumfashi da maƙwabtansu, irin su Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari da Ƙanƙara. Abubuwa huɗu za mu duba: asalin wannan alfahari, abin da manomi ke kashewa kafin ya same shi, abubuwan da ke neman ɓata shi, sa'an nan abin da ya hau kanku.

Asalin Al'amarin

Sanin kowa ne wannan yanki ƙasar noma ce, kuma auduga ce ta fara fito da sunanta. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta isa Ƙaura Namoda a 1929, kamfanin BCGA kuma ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa. A wancan zamani mutum yakan yi alfahari da ɗan da ya iya riƙe garma, ko wanda ya sauke Alƙur'ani aka yi masa walima, ko wanda ya kā da abokin karawarsa a dandalin kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Makarantar boko kuwa abin gudu ce ga mutane da yawa, har wasu kan ɓoye 'ya'yansu in sun ji dagaci na neman yaran da za a kai elemantare.

Sannu a hankali abin ya sake. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Tun daga farkonta aka haɗa littafi da wasa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, a nan ya ƙware a wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, bai kuma bar shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Daga gidan sarautar Malumfashi aka sami Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992, ya dawo gida ya zama Galadiman Katsina har Allah Ya karɓi ransa a 2019. Da mutane suka ga irin waɗannan, sai suka fara fahimtar cewa yaron da ya tafi makaranta yana iya dawowa da abin da zai amfani gidansu da garinsu.

Shekarun 1970 su suka buɗe ƙofar sosai. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya kawo taki da irin masara da hanyoyin karkara, ya kuma nuna wa manomi cewa malamin gona da akawu da injiniya duk 'yan makaranta ne. A cikin waɗannan shekaru aka kafa Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya a Bakori. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, makarantu suka bazu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Lokacin da aka fitar da Jihar Katsina daga Jihar Kaduna a 1987, uban da ya ɓoye ɗansa a da, jikansa yake rakawa makaranta da kansa.

Abin Da Manomi Ke Kashewa

'Ya'yanmu ɗalibai, ku lura da kyau, alfaharin manomi da ɗansa saye ya yi, kuma da tsada. Da farko akwai asarar hannu. Yaro ɗan shekara 15 ma'aikaci ne sosai a gona, yana iya shuka, yana iya noman firi da maimai, yana iya kora shanun huɗa. In yana makarantar kwana, to, sai uban ya ɗauki ɗan ƙwadago ya biya shi, ko ya rage girman gonar. Jarrabawar gama sakandare ta WAEC a watannin Mayu da Yuni ake yin ta, daidai lokacin da ruwa ke sauka, kowa na neman hannu.

Na biyu akwai lokacin biya. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, lokacin rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai gama shigowa ba, auduga kuwa sai sanyi ya kama ake ɗibarta a kai fuloti. Saboda haka uba yakan kai sabuwar masararsa kasuwar Ɗandume ko ta Bakori a lokacin da farashi ya fi faɗuwa, alhali ya san da zai ajiye ta zuwa bazara da ta fi haka daraja. Uwa kuma ta sayar da akuyarta, ko ta kwashe adashinta, a ɗinka kayan makaranta, a sayi takalmin wasa, a cika akwati da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Duk wannan ba a rubuta shi a katin sakamako, amma yana nan a ƙarƙashin kowane maki da aka rubuta.

Don haka in kun ga dattijo ya miƙe tsaye a ranar ba da kyaututtuka an kira sunan ɗansa, yana share ido da bakin rawaninsa, kada ku yi mamaki. Shukar da ya yi shekara shida yana yi wa ban ruwa ce ta fid da kai.

Filin Wasa Da Ɗakin Jarrabawa

Akwai masu ganin wasa ɓata lokaci ne, suna cewa karatu aka tura yaro, ba guje-guje ba. Mu dai ba mu tare da su, ga kuma dalilanmu.

Dalili na farko, yawancin iyayenmu na karkara ba su karanta katin sakamako da kansu, sai an karanta musu, kuma mai karantawa yana iya ƙarawa ko ya rage. Amma ranar wasannin gidaje, uba da idonsa yake ganin wanda ya riga isa ga zare a gudun mita 100, ya ga wanda ya fi nisa a dogon tsalle, ya ga wanda ya yar da sanda a gudun miƙa sanda. Ba ya bukatar tafinta. Wannan ita ce rana guda a shekara da manomi ke shiga makaranta ya yi mata hukunci da kansa, ya ga ko ana ciyar da yaran, ko suna da tarbiyya, ko malamai sun san sunayensu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dalili na biyu, agogo da igiyar awo ba su san ɗan wane ba. Ɗan hakimi da ɗan mai tura kura a layi ɗaya suke durƙusawa, usur ɗaya ake hura musu. Yaron da ya tashi da sanin cewa akwai wurin da ƙoƙarinsa kaɗai ke fid da shi, da wuya ya girma yana jiran alfarma. Ya kuma koyi yadda ake shan kaye a miƙa wa wanda ya yi nasara hannu, darasin da 'yan siyasarmu da yawa ke bukata.

Dalili na uku, wasa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Langa da kokawa da dambe sun riga makarantar boko, kuma iyayenmu sun san jikin da bai motsa ba, ƙwaƙwalwarsa ma takan yi nauyi. Ƙasa ita ma ta san darajar abin: an fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, aka kawo shi Kaduna a 1977. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta Amurka, Tijjani Babangida da Garba Lawal, dukkansu 'yan Kaduna, suna cikin waɗanda suka ciwo wa Nijeriya zinariya a ƙwallon ƙafa, Chioma Ajunwa kuma ta ciwo tata a dogon tsalle.

Sai dai a nan ma akwai iyaka. Waɗanda wasa ke zame wa sana'a kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙafa ɗaya in ta karye, shi ke nan. Jami'a ba ta karɓar kofi a madadin kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Uba mai hankali yakan yi tafi ranar wasa, washegari kuma ya tambayi malamin aji yadda yaron yake a littafi.

Abubuwan Da Ke Neman Ɓata Shi

Na farko shi ne satar amsa. Akwai iyayen da son a ce ɗansu ya ci ya kai su ga biyan kuɗi a kai yaro wata makaranta da aka san ana rubuta wa ɗalibai amsa a allo. An yi doka mai tsanani a kan wannan a 1984, aka sake yin wata a 1999, amma doka ba ta shiga zuciya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: yaron yakan zo Jami'a da takarda mai kyau, shekarar farko ta tona shi, kuɗin masara ya tafi a banza. Haka kuma rage wa yaro shekaru don ya yi takara da ƙannensa, ko hayar ɗan wasan da ba ɗalibi ba a sa masa rigar makaranta. Kofin da aka samu ta wannan hanya, yaran da suka ɗaga shi sun san yadda aka yi, abin da aka koya musu ke nan.

Na biyu shi ne bambanci tsakanin ɗa da 'ya. Gidaje nawa ne ake yanka kaza in namiji ya zo na ɗaya, in mace ce kuwa a ce ai gidan wani za ta? Alhali waɗannan mutane su ne ke neman likita mace da ungozoma mace ranar da matansu ke naƙuda. Ana iya shirya wa 'yan mata wasanninsu cikin sutura da mutunci, a ƙarƙashin malamai mata, kamar yadda makarantun 'yan mata suka saba.

Na uku shi ne cinye filayen makarantu. Gari na girma, ana yanka gefen fili ana gina shaguna, wasu makarantun kuɗi kuma a gidan haya suke, ba su da ko wurin da yaro zai yi taku goma a guje.

Na huɗu, wanda ya fi duka ciwo, shi ne rashin tsaro. A daren 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, sai ranar 17 ga watan aka dawo da yara 344. Bayan wannan an rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da dama kuma suka shiga tunanin da ba su taɓa yi ba, wato ko ilmin ya kai a sa ran yaro a kansa. Uban da ya mai da ɗansa makaranta bayan wannan masifa, jarumi ne da ya cancanci nasa kofin.

Abin Da Ya Hau Kanku

To, 'ya'yanmu da ƙannenmu, ku ne amfanin wannan gona, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga roƙonmu.

Ku ɗalibai, in an yi hutu ku koma makarantunku na dā, ku tara 'yan ajin ƙarshe ku koya musu Lissafi da Turanci da Kimiyya, ko da sa'a biyu ne a rana. Da yamma ku fita fili tare da su. Ku karanta wa iyayen unguwarku katin sakamakon 'ya'yansu bisa gaskiya, ku nuna musu darasin da yaro ya gaza da wanda ya ƙware, ku kuma gaya musu lokacin sayen takardar JAMB tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai cika sharuɗɗa ba, ku sanar da iyayensa cewa Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a nan Funtuwa.

Ku ma'aikata, wanda aka tura koyarwa Sabuwa ko Faskari, ya tuna shi ma wani ne ya bar garinsu ya zo ya koya masa. Wanda ke ofishin filaye, kada hannunsa ya sa wa takardar yanka filin makaranta hannu. Wanda aka ba tsaron jarrabawa, ya tsare ta kamar ɗansa ne zai kwanta a gaban likitan da za ta haifar. Ku raya ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku sa kyauta biyu a kowace makaranta, ɗaya ta littafi, ɗaya ta fili, ku tabbata 'yan mata na da rabonsu. Ranar da za a ba da kyautar kuma, a kira uwa da uba su fito tare da yaron, jama'a su gan su.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Mu kuwa addu'armu ita ce ku gaje mu a haƙuri da riƙon amana, ku wuce mu a ilmi. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.