Shinkafar Mutanen Andalus da Akushinmu na Dutsen Alhaji
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya)

 

Da aka ce mu yi magana yau, wasu sun zaci batun kuɗin rumfa za mu tayar. A'a, maganar abinci ce. Kada a yi dariya tukuna, a bari mu kai ƙarshe.

Yawancinmu mun zo garin nan ne bayan gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Muka sami Gwarawa masu ƙasa suka ba mu wurin zama, muka kama haya, muka yi aure, muka haifu. Amma akwai abin da muka baro a gida ba mu taho da shi ba, wato ciyayya. A Katsina ko Zariya, in an yi sallar isha kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar gida, a zauna kan tabarma ɗaya, mai miyar kuka da mai miyar nama duk hannu ɗaya. A nan fa? Gidan haya ba shi da zaure. Maigida ya fita Wuse ko Dei-Dei tun asuba, ba ya dawowa sai dare ya raba saboda cunkoson hanyar Kubwa. Yaro ya karɓi kuɗi ya tafi wurin mai shayi a soya masa Indomie. Akwai cikinmu wanda in an tambaye shi yaushe rabonsa da sa hannu kwano ɗaya da ɗansa, sai ya yi lissafi da Sallah.

To, kwanakin baya wani ɗanmu da ke aikin kuku a wani otal a cikin gari ya dafa mana wani abinci na mutanen Sifaniya. Suna rubuta sunansa paella, a baki kuma su ce "fa'eya". Da muka gani muka ce ai wannan dafa-duka ce ta sha ado. Ya ce haka ne, amma a saurari tarihinta.

Asalinta daga lardin Balansiya ne, a gabashin ƙasar, bakin teku. Waɗanda suka zauna gaban malam sun san wannan ƙasa da sunan Andalus. Musulmi sun shiga can a shekarar 711, kuma a zamaninsu ne noman shinkafa ya kafu. Har yau kalmar da suke kiran shinkafa, arroz, daga Larabci take, haka za'afaran, haka sunan tafkin da ake noman shinkafar a gefensa, Albufera, wato al-buhaira, ƙaramin teku. Birnin Balansiya ya fita hannun Musulmi a 1238, a 1609 kuma aka kori jikokinsu daga ƙasar. Mutanen sun tafi, shinkafa da magudanan ruwa suka zauna. Har gobe manoman wurin suna da kotun rabon ruwa da ke zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin birnin, ana shari'a da baki, ba takarda. Shi abincin kansa daga baya ya fito, a hannun manoma, masu dafa abin da suka samu a bakin gona.

Shi ya sa ta asali ba ta da wani abin tsoro. Kaza ce da zomo, da ɗanyen koren wake, da wani farin wake mai faɗi, da tumatir, man zaitun, garin tattasai marar yaji, za'afaran, gishiri, ruwa, shinkafa. Wasu kan ƙara dodon koɗi, wannan kam mun bar musu. Mai jatan lande da kayan teku da ake gani a hoto wani nau'i ne dabam. Sai dai wanda tafiya ta kai shi Turai ya tambaya kafin ya ci, don wasu masu gidajen abinci kan sa naman alade ko giya, ban da maganar yanka. Su kansu mutanen Balansiya ba sa yarda da wannan ƙari. A 2016 wani shahararren kuku ɗan Ingila, Jamie Oliver, ya sa tsiran alade a tasa, suka yi masa ca kamar ya zagi iyayensu.

Sunan ma na kaskon ne, wani kasko mai faɗi marar zurfi, mai hannu biyu. Mu da babban kaskon suya muka yi, a kan murhun gawayi, don kan gas ɗin gida ba ya kai wuta gefe-gefe. Su da itacen lemo suke so. Ana fara soya naman da gishiri har ya yi ja sosai, kada a yi gaggawa, nan daɗin yake. A zuba wake, a zuba markaɗaɗɗen tumatir ya soyu, sai garin tattasai, a bi shi da ruwa maza kada ya ƙone. A bar romo ya dahu kamar minti 30. Za'afaran tsada gare shi, ba kowane kanti ake samu ba, mu kurkum muka sa ya ba da launi, ko da yake ƙamshin ba ɗaya ba ne. Man gyaɗa ma ya yi aikin man zaitun.

Shinkafar tasu gajeruwa ce mai shan ruwa. Wadda muka ga ta fi kusa da ita a kasuwar Dutse ita ce shinkafar tuwo. Ga mutum shida gwangwanin madara huɗu ya isa, romo kuma ninki uku na shinkafa. A baza ta ko'ina cikin kaskon, kaurinta kada ya wuce yatsa. Daga nan a ajiye ludayi. Ba a juyawa, ba a rufewa. Wuta mai ƙarfi minti 8, a rage ta minti 10, a sauke, a rufa da tsumma mai tsabta minti 5.

A nan muka yi kuskure ranar da muka gwada da kanmu. Hannu ya saba da muciya, muka ga kamar za ta kama, muka juya, muka sake juyawa. Abin da ya fito tuwon shinkafa ne mai launin ɗorawa. Uwargida tana tsaye tana kallo, ba ta ce uffan ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ashe kamun nan shi ake nema. Suna kiransa socarrat, mu kuwa tun kaka da kakanni ƙanzo muke ce masa. Abin da muke ba yara su kankare, can manya ke rububinsa.

Amma abin da ya sa muka kawo zancen nan gabanku shi ne yadda ake cinta. Ranar Lahadi da rana iyali ke haɗuwa, kuma galibi namiji ne ke tsayawa kan wuta. Eh, Alhaji, namiji. Ai mu jikokin fatake ne, wa yake dafa musu a zango? In ta sauka ba a rabawa a faranti. Kaskon ake ɗorawa a tsakiya, kowa da cokalinsa, kowa ya ci gabansa, ba a tsallakawa gaban wani. Wannan ladabi ba baƙonmu ba ne, a Islamiyya aka koya mana shi da bulala. A 2021 gwamnatin lardinsu har ta sa wannan abinci cikin kayan gadon da hukuma ke karewa.

Mun san za a ce a al'adarmu uba ba ya ci da 'ya'yansa. Gaskiya ne, amma a gida yaro yana da kaka da baffa da yayye da ke sa masa ido a bakin kwano. A ɗaki biyu na haya a Dutsen Alhaji, in uba bai zauna da shi ba, babu wani. A bakin kwano ake gane yaron da ba shi da lafiya, da wanda ya fara ɓoye wani abu.

Don haka shawarar da muke kawowa ita ce kowane gida ya ware rana ɗaya a mako. Wanda ba ya fita kasuwa Lahadi ya ɗauki Lahadi, wani ya ɗauki Juma'a bayan an sauko. Ba dole sai ta Sifaniya ba, dafa-duka da manja da daddawa da busasshen kifi ta wadatar, in dai tire ɗaya ne kuma an kashe waya. Masu son ganin yadda ake yin ta mutanen Balansiya, ɗan namu ya yarda zai nuna a taro mai zuwa. Kasko da gawayi muna da su, kaji biyu ma an yi alkawari, saura zomo. Wanda ke kiwo ya ga sakatare kafin a watse.