ABIN DA KE HANA ƘANANAN SANA'O'INMU GIRMA, DA HANYAR FITA

Jawabin da kwamitin kasuwanci ya gabatar a zaman ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin kasuwa, 'yan'uwa matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun san da yawanku rumfa kuka rufe kuka zo, saboda haka ba za mu ja gaisuwa da tsawo ba.

Maganar da aka ɗora mana ita ce, me ya sa sana'o'in da mutanenmu ke kafawa a nan Kudu suke tashi da ƙarfi, amma in sun kai wani matsayi sai su tsaya cak? Kowa a nan ya san irin wannan. Yaro ya sauko daga mota, ya fara da tura baro ko wankin takalmi, ya tara ɗan abin hannu ya kafa tebur. Bayan shekara biyu ya kama rumfa. Daga nan kuma shi ke nan. Shekara goma rumfar ita ce dai, buhunan su ne dai, in ma ba su ragu ba. Bai karye ba, bai kuma ci gaba ba. Haka mai shayi, haka mai na'urar POS, haka matar da ke sayar da atamfa ta WhatsApp daga cikin gida. In ka tambaya, amsar guda ce: wai jari ne babu.

To, ba mu musa cewa zamani ya yi tsanani ba. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, masu kayan gwari suka ga tumatir na ruɓewa babu mai saye. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga Arewa ya tashi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ba mu kuma manta da rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ba, inda mutane suka rasa dukiyar shekaru cikin kwanaki kaɗan. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa jama'a, a kasuwa ɗaya, a layi ɗaya, sai ka ga mutum biyu da suka fara tare, ɗaya yanzu yana sauke tirela, ɗayan yana nan inda yake. Rana ɗaya ta doke su, ruwa ɗaya ya jiƙa su. Ashe akwai abin dubawa a cikin rumfar kanta.

Abin da muka lura da shi shi ne, sana'ar da ta tsaya, galibi ita da mai ita sun zama abu guda. Kuɗinta a aljihunsa, lissafinta a kansa, aikinta duk a hannunsa. Sana'a kuwa ba za ta wuce girman aljihu ɗaya da kai ɗaya ba.

Mu fara da aljihun. Kuɗin ciniki da kuɗin cefane wuri ɗaya suke kwana. An yi suna, a ɗiba. An bugo waya daga gida ana neman kuɗin taki, a ɗiba. Baƙo ya sauka, a ɗiba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake laifi, zumunci ne, kuma da shi aka san mu. Laifin shi ne mai rumfa bai san ko daga riba yake ɗiba ko daga uwar kuɗi ba. Yana cin jarinsa yana tsammanin riba yake ci.

Ga misali, don a gane. A ce mutum yana da N600,000, ya sari buhun wake 10 a kan N60,000 kowane. Ya sayar a kan N66,000, ya tashi da N660,000. A ransa ya ci N60,000. Cire kuɗin mota da dako da kuɗin kasuwa, a ce N25,000, saura N35,000, ita kuma cefane ya cinye. Ya koma sari da N600,000 ɗinsa, ya tarar buhu ya koma N66,000. Buhu nawa zai samu? Tara. Kuɗinsa ba su ragu da ko kwabo ba, amma buhu guda ya tafi. In aka yi haka sau huɗu, rumfa ta fara zama wayam, shi kuma yana rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba. Saboda haka a irin wannan zamani, ɗan kasuwa ya riƙa ƙirga jarinsa da buhu, ko da yadi, ko da kan dabba, ba da naira kaɗai ba. Ya kuma sa farashi bisa abin da zai sake saro kayan gobe, ba bisa abin da ya saya jiya ba.

Sai maganar bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a kasuwannin nan wanda ba ya ba da bashi ba zai yi ciniki ba. Mai abinci za ta ɗauki shinkafa sai ta sayar, mahauci zai ja sa sai ya yanka. Amma akwai ɗan kasuwar da in ka tattara abin da yake bi a waje ya fi abin da ke cikin rumfarsa, kuma babu takarda ko ɗaya. Kunya ta hana shi rubutawa, kunya ta hana shi tambaya. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

A nan ya kamata mu waiwayi iyayenmu da suka kafa waɗannan unguwanni, domin su ma da bashi suka yi kasuwanci, amma da tsari. Sabon Ibadan an kafa shi a 1916. Wani Bature masani, Abner Cohen, ya zauna a cikinsa a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa suka riƙe fataucin shanu da goro. Abin da ya gani shi ne, mai shanu ya zo daga Arewa bai san kowa ba, sai ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali. A sayar wa mahautan gari shanun bashi, maigida ne ke tsayawa. In mahauci bai biya ba, nauyin yana wuyansa. Dillalai kuma sun san kowane mahauci, sun san halin biyansa, wanda ya saba taurin bashi ba ya samun sa a wurin kowa. Kun ga a wannan tsari babu wanda yake ɗauke da kome shi kaɗai. Kowa da aikinsa, ga mai kawo kaya, ga mai tsayawa, ga mai sanin masu saye. Da haka mutumin da ke Kano ko Sakkwato ya iya aiko da dukiyarsa ɗaruruwan mil hankalinsa kwance. Yau mun riƙe ba da bashin, mun saki tsarin da ke kare shi.

Wannan ya kawo mu ga cuta ta uku, wato mutum ɗaya ya zama shi ne mai sari, shi ne mai awo, shi ne ma'aji. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, rumfa a rufe. Ya tafi gida noma ko salla, wata guda babu ciniki, masu sayensa sun koma maƙwabci. Irin wannan ba zai buɗe rumfa ta biyu ba, don ba shi da jiki biyu. In ka ce ya ɗauki yaro, sai ya ce yaran yanzu babu amana. To amma me ka yi wa yaron alkawari? Shekara bakwai yana maka dako, daga abinci sai kuɗin sabulu, bai san ranar da zai tsaya da ƙafarsa ba. Ku dubi maƙwabtanmu Ibo a Anaca da kasuwar Alaba ta Legas. Yaro yana zuwa ya san adadin shekarun da zai yi, ya san in ya kammala lafiya maigida zai sallame shi da jari. Saboda haka yake tsare dukiyar kamar tasa. Mu ma a da haka iyayengijinmu suke yi, su yi wa yaro aure su ba shi jari. Abin da ya rage mana shi ne a faɗi maganar tun farko, a gaban shaidu.

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, shi ma baƙunta ya yi kamarmu, ya yi fataucin goro a ƙasar Gwanja kafin ya dawo Kano ya shiga sayen gyaɗa. An ce raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano. Hannunsa biyu ne kamar na kowa. Abin da ya tara masa wannan dukiya shi ne ɗimbin wakilai da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo masa, yana kuma bin lissafin kowannensu. Tattaɓa-kunnensa Alhaji Aliko Ɗangote ya fara a 1977 da rancen da ya samu daga dangi, ya zauna a Legas yana saye da sayarwa shekaru masu yawa, sai da ya san kasuwar sukari da siminti ciki da bai kafin ya shiga kafa masana'antarsu. Ba mu ce kowa zai zama su ba. Abin ɗauka shi ne, dukansu sun san sana'arsu sosai kafin su faɗaɗa, kuma sun yi aiki da hannun wasu.

Mu kuwa sau da yawa akasin haka muke yi. Da an ga wani ya samu a cajin waya, kafin wata uku an jera shaguna shida a layin, riba ta rabu shida, kowa yana kuka. Ko kuma mai hatsi ya ɗan samu, maimakon ya ƙara buhu, sai ya sayi babur ya ba da haya, ya sa hannu a canji, ya ɗauko albasa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Masu kawo tumatir kasuwar Mile 12 sun san abin da ke faruwa ranar da motoci suka yi yawa: kwando ya faɗi, wani ko kuɗin mota ba ya mayarwa.

To mece ce mafita ga wanda ya ga sana'arsa ta tsaya?

Na farko, ka yanka wa kanka albashi. Ka ce a mako kaza zan ɗauka, daga ciki cefane, daga ciki aike gida. Sauran na sana'a ne, a ajiye su a asusu dabam. In wata babbar larura ta sa ka taɓa, ka rubuta cewa sana'a tana bin ka.

Na biyu, ka sayi littafi. Abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda kake bi, wanda ke bin ka. In ba ka yi boko ba ka rubuta da ajami, ko ɗanka ɗan makaranta ya zauna da kai bayan magariba. Wata uku kacal za ka ga kayan da ke kawo riba da wanda ke kwantar maka da kuɗi. Wanda ke kwantar da kuɗi ka karyar da shi ka huta.

Na uku, ka sa wa bashi iyaka. Kowane mai saye da adadin da ba zai wuce ba, da ranar biya. Wanda bai biya na baya ba kada a ƙara masa, ko da ɗan garinku ne.

Na huɗu, ka koya wa mutum ɗaya sana'arka har ya iya riƙe rumfa kwana bakwai ba ka nan, ka kuma yi masa alkawarin da zai sa ya zauna.

Na biyar, ka tambayi masu sayenka. Wadda ta daina zuwa, me ya kore ta? Mudu ne, ko tsakuwa a cikin wake, ko don ba ka karɓar taransifa? Ka koyi yaren garin ko da na ciniki ne. Muna zaune cikin mutane, su ne kasuwarmu.

Sai bayan an yi waɗannan ne maganar ƙarin jari za ta yi amfani, don tulun da ke yoyo ko kogi ka juye masa ba zai cika ba. Adashi muna da shi, wanda Yarbawa ke kira esusu, sai dai a riƙa zuba kwasar a sari maimakon biki. Mutum biyar suna iya haɗa kuɗi su cika mota guda daga Dawanau, kuɗin dakon kowane buhu ya sauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, yanzu akwai bankunan da ba sa aiki da ruwa: Jaiz ya fara a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC ba sai da abokin tarayya ba. Da rajista ne za ka buɗe asusu da sunan sana'a, da ita ce otal ko makarantar kwana za su yarda ka riƙa kai musu kaya. Amma duk inda ka je, abin da za a fara nema shi ne lissafinka. Kun ga mun sake komowa kan littafin nan.

A ƙarshe muna da roƙo uku ga ƙungiya. A buɗe ajin dare na koyon lissafin kasuwa, sau ɗaya a mako, 'ya'yanmu da suka yi karatu su koyar, mata ma a ware musu lokacinsu. A samar da takardar yarjejeniya tsakanin maigida da yaronsa, a riƙa sa hannu a fadar Sarki. Shugabannin kowane layi kuma su riƙa sanar da juna masu taurin bashi, kamar yadda dillalan da suke yi, don kada mutum ya ci na wannan ya koma ya ci na wancan.

Mun baro garuruwanmu ne don nema, kuma akwai bakuna da yawa a gida da ke jiran abin da rumfunan nan za su haifar. In rumfa ta girma, yaro biyu ko uku sun samu abin yi, sun bar zaman tasha. In ta mutu tare da mai ita, marayu ne a ƙasar da ba su da gona. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.