Mai koyar da kare muhalli ba ya girma shi kaɗai

 

Ƴan'uwana matasa, maza da mata, shugabannin ƙungiya sun nemi in yi muku magana kan aikin da muka sa gaba, mu ƴan ƙaramin rukuni da muka gama jami'a muka samu tallafin ƙaro karatu a fannin muhalli. Aikinmu shi ne koyar da jama'a yadda za a raya ƙasar da ta mutu. Abin da nake so ku riƙe guda ne: wannan ilimi ba ya zama a kan mutum ɗaya, sai da abokan tafiya.

Misalin yana nan gida. Bayan farin 1984, gonaki da yawa a ƙasar Illela sun koma fako, ruwa ya sauka ya wuce, ko ciyawa ba ta fita. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma irin su marigayi Yacouba Sawadogo ke gyara ramukan shuka da suke kira zai. Da suka dawo suka gwada a gonakinsu, maƙwabta suka gani suka ɗauka. Ita ce tassar da kuka sani a Badagishiri da kewaye. Har ta kai mutane na sayen fakon da a da ba mai so ko kyauta. To kun ga, tare suka je, tare suka gani, in ɗaya ya manta wani abu ɗan'uwansa ya tuna masa.

Haka rukuninmu yake aiki. Kowa da fanninsa: wani ƙasa ya karanta, wani kiwo, wata kuma ruwa. Kafin ɗayanmu ya fita ƙauye, sai ya tsaya gabanmu ya gabatar da darasinsa da Hausa, mu kuma mu zama manoma mu yi ta yi masa tambayoyi. Da Faransanci muka yi karatu, amma dattijon da ke Dogarawa ko Tsarnawa ba ruwansa da kalmomin takarda. Shi so yake ya ji: rami nawa zan iya tonawa a yini, taki daga ina, in damina ta yi gardama me zan samu? In ka kasa amsawa a gaban abokanka, sai a zauna a nemo amsar tare, ba wanda zai yi maka dariya. Ƴan'uwanmu mata kuwa su ke shiga gidaje, su ke jin maganar itacen girki da nisan rijiya, abin da mu maza ba ma ji a majalisa.

Bari in ba ku darasin tassa a taƙaice, don kada ku tashi hannu wofi. Da rani ake tona ramin, faɗinsa kamar taƙi guda ko fiye kaɗan. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga. Sai a shuka hatsi ko dawa. Rabin wata ma haka yake, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa. Sannan ga sassabin zamani da ya bazu daga Maraɗi: in kututture ya yi toho a gona, kada a sare duka, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su su zama itace. Duk wanda ya ga hatsi a gindin gawo ya san amfanin haka.

Maganar ba ta wasa ba ce. Ƙasar da ke zaizayewa daga tudu, kwarin Magiya take gangarawa, ta cike madatsun Mozage da Zango da ke shayar da filin noman rani na Ƙonni. Albasar Galmi da ruwa take rayuwa. Gonar da ta mutu kuma ita ke tura ɗan'uwanku ci-rani, wani ya dawo, wani sai labari. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Ashe aikin ibada ne.

Don haka ga roƙona. Ku haɗu biyar-biyar ko shida-shida a kowace unguwa, mai boko da mai allo da manomi. Ku nemi dattijon da ya iya tassa ku zauna gabansa kamar ɗalibai. Ku je wurin ma'aikatan gandun daji ku tambayi irin itacen da ya dace da ƙasarku. Ranar 3 ga Agusta kowa na dasa itace, amma a watan Afrilu ake gane rukunin gaskiya, lokacin da dashen ke neman ruwa da kariya daga awaki. Ku raba kwanakin ban-ruwa tsakaninku tun yanzu, ku rubuta sunaye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara haɗa kanmu.