Goge Zanen Tatu da Hasken Leza: Abin da Baƙar Fata Ke Biya

Takardar da aka gabatar a taron wayar da kai kan lafiyar fata a Garaku, ƙaramar hukumar Kokona



Duk shekarar da aka buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, sai maganar tatu ta taso a garuruwan da ke kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, domin sharuɗɗan ɗaukar sun hana mai zane a jiki. Saurayin da ya yi zane a dantse yana ɗan shekara 17 sai ya shiga neman yadda zai rabu da shi cikin sati biyu. Wata kuma aure ne ya matso, ga sunan wani a wuyan hannunta. Amsar da ake ba su a waya ita ce: a je Abuja a yi leza. Wannan takarda za ta duba gaskiyar wannan amsa.

Tawadar tatu ba a saman fata take ba. Allura na kai ta shimfiɗa ta biyu, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye ta su riƙe. Wani bincike da aka yi a Marsel ta Faransa a 2018 ya nuna cewa in ƙwayar da ke riƙe da tawada ta mutu, wata ce ke zuwa ta sake haɗiye ta. Shi ya sa sabulu da dutsen goge kaushi ba su taɓa cin nasara ba. Ita kuwa leza, bisa ka'idar da masana Anderson da Parrish suka bayyana a Amurka a 1983, walƙiyar haske ce gajeriya ƙwarai wadda abu mai duhu ke zuƙewa. Tawadar ta yi zafi ta farfashe, jiki ya riƙa kwashe ɓarɓashin zuwa wuraren da kaluluwa ke fitowa. Ashe jiki ne mai gogewar, kuma ba ya gaggawa: akan yi zama 6 zuwa 10, wani lokaci fiye, da tazarar sati 6 zuwa 8 tsakani. Mai neman shiga soja wata mai zuwa ya riga ya makara.

A nan ne matsalarmu ta bambanta da ta Bature. Haske bai san tawada ba, duhu ya sani. Fatarmu kuwa cike take da melanin, sinadarin da ya ba ta launinta, don haka tana zuƙe wani kaso na zafin da aka nufi tawada da shi. Na'urori masu tsawon zangon haske 694 da 755, waɗanda ke aiki lafiya a farar fata, sukan bar wa baƙin mutum fari-fari kamar tabon ƙuna, a daidai siffar zanen da aka goge. Wani launin yakan dawo bayan watanni, wani ba ya dawowa. Wani wurin kuma ƙara baƙi yake yi, musamman in rana ta ci gaba da dukansa, kuma manomi ko ɗan acaba a Kokona ba shi da inda zai ɓuya mata. Na'urar da likitocin fata suka fi amincewa da ita gare mu ita ce Nd:YAG mai zango 1064, don melanin bai cika zuƙe ta ba. Baƙar tawada ce ta fi jin ta. Ja yana buƙatar 532, wadda ta fi haɗari a gare mu, kore da rawaya kuwa taurin kai gare su. Farar tawada ma takan rikiɗe ta koma baƙa da zarar haske ya taɓa ta.

Zafi, kumburi, bororo da ɓawo na kwanaki kaɗan abu ne da aka saba gani. Abin tsoro shi ne tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira kiloid, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Duk wanda hujin kunne ko ƙurjin aski ya taɓa bar masa irinsa, ya faɗa wa likita tun kafin a kunna na'ura. Haka mai shafa man bilicin, domin yawancinsa na sa fata ta yi siriri, rauni ya daɗe bai warke ba.

Sai dai yawancin abin da ke jikin mutanenmu ba tawada ba ne. Tsagar gado da wanzami ya yi da aska yanka ce da ta warke. In an cusa mata kunkunniya, leza na iya rage baƙin, irin wannan ma ya fi na shago saurin ɗagawa, amma ramin yana nan. Zanen da yara ke yi da ruwan ƙwallon kashu, wanda ba ya wuya a yankin nan, ƙuna ce kawai. Babu abin da haske zai farfasa. Masu irin waɗannan su ne na fi jin tsoron a karɓe wa kuɗi a banza, ko su fusata su koma ga ruwan batir da dutsen guga, su sayi tabon da ya fi zanen muni. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tsaga ko tatu, amma ba ta goge na waɗanda aka riga aka yi wa ba.

Shawarata ga ma'aikatan lafiya na matakin farko ita ce su fara tantance wane irin zane ne, sannan su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko wani babban asibiti ya ga likita, kafin ya nufi shagon gyaran jiki. Shi kuma mai zanen ya tambayi sunan na'urar da zangonta, ya ga an ba shi tabarau na kare ido, ya kuma nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri, a jira sati shida a ga yadda fatar ta amsa.