Siyasa Ta Biyo Mu Har Kofin Kunun Yaro

 Hajiya shugaba, iyayenmu, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan'uwa mata da mazajenmu da suka samu halarta, sannunku da zuwa. Mu 'yan kasuwa aka ce mu yi magana a madadin masu goyo. Wannan takarda da hannunmu muka rubuta ta. In kun ji mun yi tuntuɓe a karatu ku yi mana uzuri, da girmanmu muka fara riƙe fensir.

Kowa ya san safiyarmu. Daga sallar asuba sai dama kunu, a yi wa yaro wanka, a saɓa shi a baya, a tare adaidaita sahu zuwa rumfa. Can zai wuni a gindin tebur, hannu ɗaya na awo, ɗaya na kore masa ƙuda. A da in an taɓo siyasa a rediyo cewa muke: maganar maza ce, ina ruwanmu? Ashe ruwanmu ne tsundum.

Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Wata 'yar'uwarmu, ɗanta ɗan shekara biyu ya kwana yana gudawa. Kuɗinta na banki, amma ba ta da sabuwar takarda ko ɗaya, tsofaffin kuma mai kemis ya ƙi karɓa, tiransifa ta ƙi tafiya. Sai da muka bi rumfa-rumfa muka tattara 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, sannan aka kai shi asibiti. Allah ya tashi kafaɗarsa, ga shi can yana guje-guje. Amma daren nan bai fita daga ranmu ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Masana sun ce gyara ne, ƙasa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin ba. To, mun ji. Mu dai abin da muka gani, kuɗin mota ya hau kan kwanon gero, madara ta bar gidajenmu, kunu ya tsinke. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Madalla, amma mai sayar da kuka da daddawa wa ke biyan ta albashi?

Ba mu zauna kuka ba. Da kuɗin adashi muke saro gero da waken suya da gyaɗa a Dawanau, mu soya, mu niƙa, mu raba garin kunu. Karatun nan ma ya yi rana: yanzu da kanmu muke duba katin rigakafi, mun san allurar ƙyanda a wata tara take, ba mai sake juya mana ranar awo.

Saura abu ɗaya, 'yan'uwa. Kujeru 109 ne a Majalisar Dattawa, matan da ke ciki ba su kai biyar ba, alhali ranar zaɓe mu ne ke cika layi da goyo a baya. Zaɓen 2027 na tafe, za su zo da taliya da sabulu da atamfa. Taliya kwana biyu ce, mulki shekara huɗu. Ba mu ce ku bi wata jam'iyya ba. Cewa muka yi duk wanda ya zo, mu zaunar da shi mu tambaye shi: asibitin unguwarmu yaushe zai samu magani da ma'aikaciyar dare? Ajin da yaranmu za su shiga, mutum nawa ne a ciki? Mu rubuta amsarsa a littafin ƙungiya, tunda yanzu mun iya, in ya dawo mu karanta masa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu tausayin talaka, ya maimaita mana baɗi lafiya.