Tiyatar Rage Ƙiba da Ɗaukewar Numfashi a Barci: Ina Matsayin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu?



Wannan takarda ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya da iyali kan yi bayan ɗan'uwansu ya dawo daga tiyatar rage ƙiba: tun da jiki ya faɗa, minshari ya lafa, zai iya ajiye na'urar numfashin da yake kwana da ita? Amsar likitoci ita ce a'a, sai an sake auna barcinsa. Amsa ce mai sauƙin faɗa a Alƙahira, mai nauyin ɗauka a garin Mai Wurno na Sudan ko a kambo, matsugunin 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin Jazira.

Uwargida ce kan fara ganin ciwon. Maigida ya kwanta, minshari ya cika ɗaki, can sai ya yi tsit. Ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga. Daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye da haka, sannan ya zabura da shaƙuwa, ya juya, ya ci gaba. Da safe bai san an yi ba, sai ciwon kai da bushewar baki da gyangyaɗi tun kafin azahar. Wasu su ce dannau ne, wasu su ce gajiyar gona. Abin da ke faruwa shi ne naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki a cikin barci su toshe hanyar iska. Likitoci na ƙirga sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa a awa guda: daga 5 zuwa 15 ciwon da sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 ya tsananta. Yana haddasa hawan jini, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, direban lori kuma a hanyar Madani zuwa Khartum yana iya halaka kansa da wasu. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi a 2019 ya ce kusan mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya.

Na'urar da ake kira CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostireliya a 1981, iskar ɗaki take hurawa ta mesa zuwa takunkumin hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Ba ta warkarwa. In aka daina sa ta, ciwon yakan dawo.

Alaƙar ciwon da ƙiba ta tabbata. Binciken jihar Wiskonsin ta Amurka a 2000 ya nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana ƙara tsayawar numfashi da kusan kashi 32, raguwar kashi 10 kuma tana rage ta da kashi 26. A 2020 masana a Jami'ar Fensilbaniya suka gano da hoton MRI cewa narkewar kitsen harshe na cikin manyan dalilan sauƙin. Ba abin mamaki ba ne, ke nan, in tiyatar da ke yanke kusan kashi 80 na jakar ciki, ko wadda ke karkatar da hanyar abinci, ta taimaka.

Ta taimaka ɗin, amma har ina? Wani nazari na 2004 ya ce ciwon ya tafi ga kusan kashi 86 na waɗanda aka yi wa tiyata, kuma wannan adadin ne ya fi yawo a bakin mutane. Da Greenburg da abokan aikinsa suka tattara a 2009 bincike 12 da aka auna barcin mutum 342 kafin tiyata da bayanta, sai hoton ya sauya. Matsakaicin tsayawar numfashi ya sauko daga kusan 55 a awa zuwa kusan 16. Gagarumin sauƙi ne, amma 16 har yanzu ciwo ne matsakaici. A 2012 John Dixon ya raba masu ƙiba 60 gida biyu a Malbon: waɗanda aka ɗaure wa ciki da zobe sun rage kusan kilo 28, masu tsarin abinci kilo 5, amma bambancin numfashinsu bai kai a dogara da shi a lissafi ba. Dalili kuwa, ba kitse kaɗai ne ke toshe maƙogwaro ba. Akwai ƙirar haɓa, da toshewar hanci, da shekaru. Nauyi kuma yakan dawo wa wasu bayan 'yan shekaru, ciwon ya biyo shi.

Abin da ya fi tayar wa mai wannan takarda hankali shi ne minshari yana iya yin shiru alhali numfashi bai daina tsayawa ba. Iyali su yi hamdala, a naɗe mesa a sa a akwati.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu, waɗanda wannan batu ya shafa, ba baƙi ba ne. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zo da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, kuma da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 gumin jikokin mahajjata ya shiga audugar Jazira. Akasarin 'yan kambo ba ƙiba ce damuwarsu ba, balle yanzu da yunwa ta yi yawa. Amma a cikin 'yan kasuwa da direbobi da matan da ke wuni a zaune kan sana'a, asida da shayi mai sukari da agashe sun yi aikinsu, kuma mai hali ko mai ɗan'uwa a Saudiyya yakan nufi Masar a yi masa tiyata. Gidan da zai dawo kuwa ya sha wuya. Rikicin 2022 ya kori dubban Hausawa daga yankin Damazin da Rusairis. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekara har zuwa Janairun 2025, asibitoci suka lalace, wuta ta zama sai an ga dama. A irin wannan hali, sayar da na'ura don a sayi dawa ba wauta ba ce, shi ya sa dole shawarar likita ta zo da hanyar aiwatarwa.

Kafin tiyata, a gaya wa likitan da ke sa barci cewa akwai wannan ciwo, a tafi da na'urar zuwa asibiti, domin magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna danne numfashi. Bayan tiyata fuska takan zube, takunkumi ya yi yawa, iska ta riƙa fita tana dukan ido. Ƙarfin hurawar da aka saita a da ya zarce bukata, ciki ya riƙa kumbura. Nan ne mutane da yawa ke yar da na'urar, alhali gyaran saiti take so, ko a koma ga irin wadda ke daidaita kanta. Ana sake awon barci idan an rage kashi 10 na nauyi, sannan idan nauyin ya tsaya, galibi tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Na'urori da yawa na da ɗan kati da ke ajiye bayanan kowane dare, ana iya ɗaukar hoton sakamakon a tura wa likita ta WhatsApp. Batiri da faifan sola za su iya kai ta asuba in an kashe ɓangaren ɗumama ruwa, matacin iska kuma yana bukatar dubawa akai-akai a lokacin guguwar ƙura ta habub. Cire beli wurin wanzami ba maganin wannan ciwo ba ne. Allurar tirzepatide da Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a Disambar 2024 tana da tsada, tana kuma bukatar firji.

Roƙon wannan takarda ga Tsangayar Likitanci ta Jami'ar Jazira da hukumomin lafiya na Sinnar da Shuɗin Nilu shi ne a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci tambayoyi takwas na STOP-Bang, waɗanda ba sa bukatar komai sai ma'aunin hawan jini, sikeli da tef ɗin tela don auna wuyan da ya haura santimita 40. A fassara su da Hausa, a riƙa tambayar uwargida tare da maigida, a kuma samar da 'yan ƙananan na'urorin awon barci na gida a Madani da Sinnar da Damazin waɗanda za a riƙa ba mara lafiya aron dare ɗaya.